Zaren da Inna Sista Ba Ta Ja Ba

Tsohuwar nan ta gidan sistocin Katolika da ke bakin hanyar Bodinga zuwa Shagari, wadda mu 'yan kasuwa muke kira Inna Sista, ta riga mu gidan gaskiya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kowa da irin rigar da zai tafi da ita.

Na je gaisuwa. Ban shiga cocin ba, ni Musulmi ne, kuma tela. Iyakata gindin darbejiyar ƙofar gida, inda manoman albasa na Danchadi da wasu tsofaffin mata daga Sifawa suka shimfiɗa buhuna suka zauna. Daga nan ana ganin komai. Abin da na gani kuwa shi ya sa na ɗauki biro, ni da ko a ajin yaƙi da jahilci sai da malami ya roƙe ni in koma kan kekena, wai rubutuna kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda.

Motoci sun zo daga birni har sun tare wa jakuna hanya. An kafa rumfa, an jera kujeru, an kawo lasifika mai shaƙewa. Wani tsohon ɗan siyasa, wanda tun zamanin farar hula na biyu muke bin sa bashin alkawarin rijiya, ya miƙe ya ce marigayiya uwa ce a gare shi. Ya ciro hankici ya dafe ido. Na bi hankicin da kallo har ya koma aljihu, a bushe yake ƙamas. Uwar tasa kuwa, a kan idona ta taɓa fatattakar sa da tsintsiya daga ɗakin shan magani, ranar da ya zo da mai hoto yana so a ɗauke shi rungume da jaririn mutane.

Matan coci masu anko sun yi kuka mai tsari, wannan ta ajiye waccan ta ɗauka, har zuwa lokacin da aka buɗe tukwanen shinkafa. A nan kukan ya tafi hutu. Tsofaffin da ke kusa da ni ba su yi kuka ba. Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Ita tak karɓi haihuwata ta tagwaye, tana zagina tun farko har ƙarshe." Ta ja mayafi ta rufe fuska. A duk taron nan, wannan ce kaɗai gaisuwar da na ji.

Amma wadda ta fi ƙona mini rai wata babbar sista ce da ta zo daga birni. Na san ta tun tana yarinya, za ku ji labarinta a gaba. Ta karɓi lasifika ta ce Inna Sista tsohuwa ce mai taushin hali da sanyin baki, wadda ta jawo 'yan mata masu yawa zuwa aikin Ubangiji. Dariya ta kama ni har goro ya sarƙe ni, sai da wani manomi ya bubbuga mini baya. Sanyin baki? Reza ce a bakinta. Jawo 'yan mata? Waɗanda ta kora sun fi waɗanda ta karɓa, ni ne shaida, don duk rigar da aka sa a gidan nan ta ƙarƙashin allurata ta bi. Shi ya sa na ce, kafin su gama mayar da ita alewa, bari in rubuta ta da barkononta.

'Yar ƙasar Zuru ce, gajera, baƙa, hannunta kauri kamar na mai dakau. Ta zo ƙasarmu ina saurayin tela mai rumfar zana. Tana da wani ɗan babur da take ɗaure akwatin magani a bayansa. Ranar kasuwar Bodinga tana nan, ranar ta Shagari tana can, tsakani tana ƙauyuka wajen masu ƙyanda da masu naƙuda. Guzurinta ƙuli-ƙuli da ɗanyar albasa, don haka in ta yi maka faɗa, ta kunne za ka ji shi da ta hanci.

Ranar da ta fara zuwa rumfata, ɗinkina ta fara gaisarwa kafin ni. Ta sauko da rigar wani da na rataye, ta juya cikinta, ta bi layin da farce.

"Kai ne telan?"

"Ni ne, ranki shi daɗe."

"Bar raina inda yake. In na ba ka yadi yau, yaushe zan karɓa?"

"Gobe, in Allah ya so."

"Allah na so. Kai ne ba ka so."

Tun daga ranar na zama Malam Gobe, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta kira ni da wani suna ba. Ban yi fushi ba, tela da gobe ai ciki ɗaya suka fito.

Abin da ya ba ni haushi shi ne irin ɗinkin da ta nema. Ta shimfiɗa yadi ruwan toka, ta ce gefen rigar in yi shi da hannu, zare mai ƙwari amma taku mai faɗi, kada in ƙulle bakin zaren, in bar shi yana lilo ta ciki, yadda ja ɗaya zai warware shi tun daga hammata har ƙasa. Rarar yadi kuma kada in yanke, in kalmashe ta ciki.

Na ce, "Inna, wanga ai ɗinkin bakin buhu ne. Ni za a sa ɗinkin buhun albasa? Je ki wajen 'yan dako mana."

Ta ce, "Shi nake so. Buhu ya fi ka amana, abin da anka zuba mashi shi yake fiddawa."

Mun yi sa-in-sa har masu tsire suka bar wutarsu suka zo kallo. Na ce suna na za ta ɓata, duk wanda ya juya rigar zai ce telan Bodinga makaho ne. Ta ce wanda duk ya kai ga juya rigar sista yana da babbar matsalar da ta fi ta ɗinki. Na naɗe yadin na miƙa mata, ta ƙi karɓa, ta hau babur ta tafi. Na ɗinka, yaya zan yi. A raina na ce rowa ce kawai irin ta mutanen mishan, so take in yadin ya koɗe ta warware ta juya bayansa. Na daɗe a kan wannan fahimta, kamar yadda nakan daɗe a kan kowace wauta.

Da aka shiga siyasa ta biyu, mutanen Shagari suka riƙa tafiya kamar su suka haifi gwamnati, mu na Bodinga muna binsu da a tuna da maƙwabta. Na ɗinka manyan riguna har ƙafata ta kumbura a kan keke. Ba a jima ba reshe ya juye da mujiya. Aka ce a tsuke bakin aljihu, alhali aljihun babu abin da zai zube. Sabulu ya koma labari, madarar gwangwani sai mai uwa a gindin murhu, damina ta yi gardama, gero ya hau sama ya ƙi sauka. Masu manyan rigunan nan suka riƙa dawo mini da su a ɓoye, wai in fitar wa yara da taguwa.

Kiristocin ƙasarmu ba su da yawa, kuma kusan duk baƙi ne: 'yan sanda, malaman makaranta, leburorin hanya, makanikai. Wahalar ta fi cin su, don ba su da gona balle rumbu. Gidan sistoci kuwa ana aiko masa da taimako, shinkafa da garin madara, hayaƙi bai taɓa yankewa a madafarsu ba.

A daidai wannan lokaci aka turo sistar nan ta birni, tana yarinya shar, da jita, molon Turawa, a kafaɗa da hotunan sistoci masu kumatu suna dariya. Aikinta ta zaga coci-coci tana kwaɗaitar da 'yan mata shiga. Ni ba malamin addininsu ba ne, amma na ji suna cewa zama sista kira ne. Allah ke kiran mace a zuci, ta bar aure, ta bar tara abin duniya, ta bar bin son ranta, ta ƙare rayuwarta a addu'a da hidimar mutane. To a shekarar nan kira ya yi yawa. Duk gidan da tukunya ta kwana a kife, sai an wayi gari an kira wata a ciki.

Na faɗa wa Inna haka, don tsokana. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Yunwa ma na da murya, Malam Gobe, kuma ta iya kwaikwayo."

Al'adarsu, yarinya ba ta samun cikakkiyar shigar sista da zuwa. Rigar gwaji ake fara ɗinka mata, ta zauna a gidan a ga kamun ludayinta. Wata rana sistar birni ta kawo mini yaduka, ta ce in yi ɗinki mai kyau da keke, layi biyu, in yanke rara, rigar ta zauna a jiki. Raina ya yi fari, na ce yau za a san tela. Ban kai ga sa almakashi ba na ji ƙarar babur.

"Irin nawa za ka yi masu," in ji Inna, ko sauka ba ta yi ba.

Sistar birni ta ce, cikin ladabi irin na wanda ya ƙoshi da haushi, "Inna, ɗinkin nan naki yana karya wa yara gwiwa. Kamar muna ce masu ba mu yarda za su zauna ba. Gidajenmu na neman zama kango, tsofaffi na tafiya babu masu maye gurbi."

"To cika su da mayunwata, ki ga wa zai rage miki in anka yi ruwa."

"Ba mu ne za mu auna zuciyar mutum ba."

"Ni ma ba zuciya nake aunawa ba, yadi nake aunawa. Wadda tuwo ya kawo, tuwo zai ɗauke ta. Ran da za ta tafi, ba ni so ta tafi tsirara."

A nan ƙwaƙwalwar tela ta fara motsi. Rigar da aka danne aka yanke wa rara ba ta zama komai sai rigar sista. Wadda ta bar gidan ba ta iya sa ta, ba ta iya sayarwa. Amma mai ɗinkin buhu, ja ɗaya ta koma yadi, a fitar da riga da siket, yarinya ta shiga mutane ba wanda zai nuna ta da baki.

A cikin 'yan matan akwai ɗiyar maƙwabcina na kasuwa, mai facin taya. Shi ma mutumin Zuru ne, rumfarsa na jingine da tawa, matarsa ta rasu ta bar masa yara. A gabana yarinyar ta tashi, Baba Tela take ce mini, ƙyallayena ta yi 'yar tsana da su. Sana'ar uban ta mutu murus, don masu motoci sun jingine su a kan duwatsu. Wata safiya ya zo yana buɗa hanci.

"Tela, ka ji labari? Na ba Ubangiji ɗiyata."

Na ce, "Ka ba shi, ko ka kai mashi kiwo?"

"Wane irin kiwo?"

"Irin na akuya mana. Ka kai gidan mai dusa, in ta yi ƙiba ka tafi da igiya."

Ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Sai ga shi an kawo ta awo. Inna ce ke riƙe tef na awo, ni ina sa alli a yadi. Yarinyar ta tsaya kamar sillen kara, ƙashin wuya a waje, ido a ƙasa. Inna ta ce mata, "Mi kika ji har kika zo?" Ta ce, "Kira na ji, Inna." Inna ta ce, "Mi kika ci yau?" Yarinyar ta ƙara sunkuyar da kai. Inna ta juyo ta ce mini, "Bar rara da yawa, wagga za ta cika."

Ta cika kuwa. Kafin kaka ta zagayo an dawo mini da rigar na saki kalmasa. Yarinyar ta yi kumatu irin na hotunan sistar birni, ga ta da aiki, ga ta da addu'a, kowa na yabo. Uban ya riƙa zama a layin gaba a coci, ana ce masa surukin Ubangiji, yana amsawa.

Abin da ya biyo baya ita ce ta ba ni labari da bakinta, bayan shekaru. Ta ce tun da ta fara ƙoshi, muryar da take ji ta yi shiru. Ta yi addu'a, ta yi azumi, babu. Ta rasa wa za ta gaya wa. In ta zauna, ta zauna a kan ƙarya har ta mutu. In ta fita, ta san abin da ke jiranta: a wurin matan cocin nan, yarinya ba ta barin gidan sistoci sai da ɗayan biyu, ko ciki ko sata. Uban kuwa ya riga ya rantse, in ta kunyata shi kada ta tako masa gida. Wata rana suna tsinkar zogale, ta fashe da kuka ta ce, "Inna, ban sani ba ko Allah ne ya kira ni ko shinkafa."

Inna ba ta ko ɗaga kai daga zogalen ba. Ta ce, "Tun da kika zo gidan ga, yau kika fara magana. Je ki ɗauko zanenki, yana ƙasan akwatina."

Da wata shugaba ce, da ta fitar da ita da asuba ta ƙofar baya, a rufa asiri. Inna sai ta jira ranar kasuwar Bodinga, rana tsaka, kasuwa ta cika ta batse. Ta ajiye babur, ta riƙo hannun yarinyar, suka ratso ta 'yan albasa, ta 'yan hatsi, ta layin mahauta, yarinyar da tsohon zanenta, Inna da rigar gwaji a kafaɗa. Kafin su iso rumfata, matan coci masu sayar da manja da garin rogo sun biyo su a baya, kowace idonta a kan cikin yarinyar.

Inna ta juya ta ce, "Ku matso, kada ku wahalar da wuyanku. Cikin da kuke nema ga shi nan. Tuwo ne da miyar kuka, ni na ɗura shi."

Ta shimfiɗa rigar a kan teburina, ta lalubo bakin zaren, ta ja. Ya taho sululu, rigar ta buɗe ta koma yadi. Ban taɓa jin kunyar ɗinkina da alfahari da shi a lokaci guda ba sai ranar.

"Riga da siket na 'yar makaranta. Kwalejin horon malamai za ta, na yi magana da su. Yau nake so, ba gobe ba."

Uban ya fito daga rumfarsa hannu duk baƙin mai.

"Inna, kin kashe ni. Da wane ido zan dubi mutanen coci?"

"Da wanda kake duban tukunyarka."

"Na riga na ba Ubangiji ita."

"Ya gode, ya ce a mayar maka, bai karɓar abin da anka ba shi don an rasa wurin ajiya. Saurara. Mudun da take ci a gidanmu zai riƙa zuwa gidanka har abu shi yi sauƙi. Ka ci shinkafa, ka bar cin ɗiya."

Inna ta juya ga yarinyar, ta gyara mata ɗankwali da ƙarfi kamar mai ɗaure kaya, ta ce, "Tafi ki yi karatu, ki ci ki ƙoshi da guminki. In muryar ta bi ki har cikin ƙoshi, kin san hanya. In ba ta bi ki ba, ki yi aure ki haifa min jikoki. Allah bai yi asara ba ko ta ina."

Matan suka watse, kowace da guntun tsegumin da ya mutu a bakinta. Riga da siket kuwa, sai da kasuwa ta sake ci na gama su. Hali zanen dutse.

Ranar da ta zo karɓa na ce, "Inna, na gane na yara. To ke fa? Kin tsufa a cikin rigar ga, kin yi alkawarin da ba a warwarewa. Ina za ki, da har yau kike sa ni ɗinkin buhu?"

Ta gutsuri ƙuli-ƙuli ta amsa.

"Ɗakin da ƙofarsa ba ta buɗuwa, ko da zinariya anka gina shi, gidan yari ne. Kullum da safe in na sa riga, nakan taɓa zaren ga, in ce, yau ma ba ni ja. Alkawarin da nay yi ina yarinya, yarinya ta yi shi. Na yau, ni ke yi."

Na ce, "An taɓa yin safiyar da hannu ya so ja?"

"Kai an taɓa yin safiyar da ka faɗi gaskiya? Ba ni kayana."

Sojoji suka zo suka kori masu manyan riguna, aka yi ruwa, aka yi fari, aka sake yin ruwa. 'Yan matan jita kuwa, da gero ya sauko, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowace sai ta biyo ta rumfata an fitar mata da riga da siket. Sistar birni aka mayar da ita birni aka ƙara mata girma, don a kowane gida na duniya mai iya taro shi ke hawa.

Ɗiyar mai faci ta gama kwaleji ta zama malama a Dandin Mahe. Ga albashi, ga keke sabo, ga wani malami ɗan mutunci yana zarya. Ita ke ciyar da gidan uban, ita ta sake masa rufin rumfa. Sai wata rana ta jingine kekenta a ƙofar gidan sistoci, ta durƙusa ta ce, "Inna, na ƙoshi. Muryar ba ta bar ni ba."

Ku zo ku ga surukin Ubangiji. Mutumin da ya bayar da ita tana cin abinci, ya ce sam ba ya bayarwa tana kawowa. Ya kai ƙara wajen fada, limamin cocinsu, ya kai wajen dattawan coci, ya ce sistoci za su raba shi da ɗiyarsa.

Na leƙa rumfarsa na ce, "Maƙwabci, akuya ta yi ƙiba ko?"

Ya ce, "Tela, in ba ka rufe bakin nan ba sai na liƙe shi da faci."

Amma kukansa da ɗan gaskiya a ciki, akwai ƙanne. Inna ta san haka. Ba ta karɓi yarinyar ba, ta sake korar ta, ta ce ta koma aji har ƙanenta ya kama sana'a ya iya riƙe gida, don Allah ba ya gaggawa, kuma ba ya son a bi ta kan marayu a zo gare Shi. Yarinyar ta jira. Malamin nan ya gaji ya auri wata. Da lokaci ya yi ta dawo, aka kawo ta awo karo na biyu, aka yi mata ɗinkin buhu. Uban ya yi fushi har ya gaji, ranar da za ta yi alkawarinta na har abada kuwa shi ya fi kowa rawa.

Kafin ranar na tambaye ta, "Ɗiyata, wannan karon in danne?"

Ta ce, "Irin na Inna, Baba Tela."

Kun ji ƙaddarata. Na ƙare ƙuruciyata ina ɗinka wa gida guda tufafi, ba a taɓa bari na nuna na iya ba.

Ita ce ke riƙe da gidan yanzu. A ranar jana'izar ba a ba ta lasifika ba, tana can baya tana zuba wa masu hankici shinkafa.

Ana saura kwanaki Inna ta rasu, ta zo rumfata da hantsi, da sabon yadi ruwan toka a hannu. Ta gaishe ni, ta tsaya tana kallon ƙasa kamar ranar awonta na farko.

"Baba Tela, Inna tac ce ka ɗinka mata riga. Tac ce wannan ka danne. Layi biyu, ka ƙulle bakin zare, ka yanke rara."

Ban tambaye ta jikin Inna ba. Na ture kayan bikin mutane gefe. Idona ya raunana yanzu, sai na yi ta farautar kafar allura kamar mai neman kuɗin cizo a tabarma, amma na zura. Na taka keken nan a hankali, na bi layi, na dawo na bi na biyu kusa da shi, na ƙulle, na yanke rara har almakashi na yi mini waƙa. Kafin la'asar ina ƙofar gidan.

Inna ta ƙanƙance a kan gado kamar ƙullin kaya, idon ya tafi. Aka ɗora mata rigar a ƙirji. Ta juya cikinta, ta bi layin da farce, daidai yadda ta yi a ranar farko. Ta lalubi bakin zare, babu. Ta kama gefe biyu ta ja da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Malam Gobe."

"Na'am, Inna."

"Yau anka ba ka, yau ka kawo?"

"Yau, Inna."

"Lalle mutuwa zan yi."

Sista, ɗiyar mai faci, ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa, ban sani ba ko kuka ne ko dariya.

Inna ta sake shafa layin ta ce, "Ashe ka iya ɗinki."

Na ce, "Ke kika hana a sani."

Ta ce, "Safiyoyina sun ƙare, na gama zaɓe. Tafi, kana tare min iska."

Da rigar aka sa ta a ƙasa. Mai hankici bai sani ba, masu anko ba su sani ba, mai lasifika ba ta sani ba, tana can tana kiran 'yan mata su bi sawun tsohuwa mai sanyin baki. Duk yarinyar da ta ji kiran nan, shawarar tela ita ce ta fara cin abinci tukuna, sannan ta sake saurarawa.

Na tambayi limamin kasuwarmu irin addu'ar da ta halatta in yi wa wadda ba addininmu ɗaya ba. Ya ce in yi wa masu rai gaisuwa, mamaci kuwa in bar shi ga Mai shi. Na bi maganar malam. Allah ya ba Sista haƙuri, ya ba tsofaffin Sifawa da Danchadi haƙuri, ya ba masu kukan anko abin yi. Hisabin Inna ba a rumfar tela za a yi shi ba, ban san yadda zai kaya ba. Abu ɗaya na sani: duk wanda ya juya rigar nan a can yana neman bakin zare, zai sha wahala.